Kowa na jayayya a kan hijabinta, amma wa ya tambaye ta yadda take ji a jikinta?

Duk sanda aka ce wata malamar jami'a a Amurka ko Ingila ta yi bincike a kan hijabin 'yan mata Musulmi a makaranta, kafin ma a ji me ta gano mutanenmu sun gama yanke hukunci, ai 'yan feminis ne masu rajin haƙƙin mata, kwangila aka ba su, so suke su tuɓe mana yara. Ni mace ce mai sa hijabi kuma babu takardar da za ta sa na cire shi, amma ra'ayina shi ne wannan ƙin karantawar da muke yi asara ce gare mu. Ba duka binciken ne mai kyau ba, wani ma in kana karantawa sai ranka ya ɓaci saboda rainin da ke ciki, sai dai masu ingancin cikinsu sun yi wani abu da mu masu yaran ba mu cika yi ba, sun zaunar da yarinya 'yar shekara 14 sun tambaye ta yadda take ji a jikinta in tana makaranta, sannan suka yi shiru ta ba da amsa.

Zargin da muke yi yana da tushe, wannan kam gaskiya ne. Lord Cromer da ya riƙe Masar a madadin Ingila daga 1883 zuwa 1907 ya yi ta kukan cewa lulluɓi da kulle su ne suka danne matan Misirawa, alhali a mulkinsa aka ƙara kuɗin makaranta har karatu ya gagari 'ya'yan talakawa maza da mata, da ya koma gida kuma sai ga shi shugaban ƙungiyar da ke yaƙi da ba matan Ingila damar jefa ƙuri'a. A Aljeriya a watan Mayun 1958, ana tsakiyar yaƙin neman 'yanci, Faransawa sun tara mata a dandali a birnin Aljas ana cire musu mayafi a bainar jama'a ana tafi. A 2001 ma da Amurka ta afka wa Afghanistan, matar shugaba Bush ta fito a rediyo tana haɗa yaƙin da ceto mata. To amma ku tambayi kanku, su wa suka fi tona wannan munafuncin a rubuce? Leila Ahmed ce, 'yar Masar, ta baje labarin Cromer a littafinta na 1992. Lila Abu-Lughod ta jami'ar Columbia ce ta fito a 2002 ta tambayi 'yan uwanta masana ko da gaske matan Musulmi na buƙatar wani ya zo ya cece su. Saba Mahmood 'yar Pakistan ta zauna da matan da ke karatu a masallatan Alƙahira, ta dawo ta gaya wa abokan aikinta cewa macen da ta zaɓi kunya da ibada da biyayya ga Allah tana aiki da hankalinta ne, su daina kallonta kamar wadda aka juyar wa kai. Dukkansu daga cikin masu rajin haƙƙin mata suka fito. Ashe gidan nasu ma ba baki ɗaya yake magana ba, faɗa suke yi a tsakaninsu sosai, mu kuma mun haɗa su mun ɗaure da igiya ɗaya.

Inda binciken ya fi burge ni shi ne darasin motsa jiki, wanda yara ke ce wa fi'i. Dalili kuwa a aji kowa a zaune yake, ba a ganin bambanci sosai, amma da an fita fili sai komai ya bayyana, kaya, gumi, ƙirji, cinya, idon samari, wurin canza kaya, wanka bayan wasa.

A Birmingham ta Ingila, garin da Musulmi ke da yawa ƙwarai, an kai wani lokaci da iyaye suka riƙa janye 'ya'yansu mata daga wannan darasin, shugabannin makarantu suka rasa yadda za su yi, sai hukumar birnin ta nemi masana su duba. Tansin Benn da Symeon Dagkas da Haifaa Jawad na jami'ar Birmingham suka shiga makarantu suka saurari yara da iyaye da malamai, a 2008 aka fitar da jagora ga makarantu. Abin da suka tarar ba wani abin mamaki ba ne in dai kai Musulmi ne, yaran suna son wasa, iyayen ma akasarinsu ba motsa jikin suke ƙi ba. Damuwarsu ɗan guntun siket ne, da canza kaya a gaban mutane, da ninkaya maza da mata a ruwa ɗaya, da darasin rawa, da sa yaro gudu da rana tsaka yana azumin Ramadan. Makarantun da suka yarda yarinya ta sa dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗan hijabin da ba a maƙale shi da allura ba, suka kira iyaye aka zauna aka yi magana, sai ga matsalar ta ragu. Waɗanda suka kafe a kan doka doka ce su suka fi rasa yara. A shekarar dai wasu masana daga ƙasashen Musulmi da na Turai suka haɗu a jami'ar Sultan Qaboos ta Oman suka fitar da sanarwa cewa Musulunci bai hana mace motsa jiki ba, kuma a girmama wadda ta rufe jikinta da wadda ba ta rufe ba, kowacce a ba ta fili.

A Norway ma Kristin Walseth ta tambayi 'yan mata Musulmi, ta gano cewa addini bai cika shiga harkar darasin ba in ban da ninkaya da wurin wanka. Abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne samari, su suke mamaye fili, su riƙe ƙwallo su ƙi ba mata, in yarinya ta yi kuskure su yi mata dariya. Wannan kukan kuwa har 'yar Kiristan da ke ajin tana yin sa. Tun 1980 wata masaniyar falsafa Ba'amurkiya, Iris Marion Young, ta yi rubutu a kan dalilin da ya sa yarinya in za ta yi jifa hannu kawai take ɗagawa, namiji kuwa da duk jikinsa yake jifan, ta ce ba ƙashi ne ya bambanta ba, tun tana ƙarama aka koya mata cewa jikinta abin kallo ne, abin da za a tsare ne, sai ta saba da takure shi. Matan da take magana a kansu babu mai hijabi a ciki. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga a 2019 daga ƙasashe 146 sun nuna kashi 85 cikin ɗari na 'yan mata masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samun motsa jikin da ya kamata, wato awa ɗaya a rana, maza kuma kashi 78. Kenan duk wanda ya ce hijabi ne ya zaunar da 'yar Musulmi sai ya gaya mana me ya zaunar da sauran.

Har ma akwai binciken da Viren Swami da abokan aikinsa suka yi a kan matan Musulmi a Birtaniya, aka buga a 2014, inda masu sa hijabi suka fi nuna gamsuwa da jikinsu, ba su cika damuwa da ramar da mujallu ke tallatawa ba. Irin wannan muna son ji, da an fassara shi da tuni ya zagaye WhatsApp.

To ga wanda ba za mu so ji ba, kuma a nan nake so mu ɗan tsaya. Manal Hamzeh, balarabiya da ke koyarwa a jami'ar jihar New Mexico, ta shafe sama da shekara guda tare da wasu 'yan mata Musulmi guda 4 a kudu maso yammacin Amurka, tana fita da su, tana hira da su da iyayensu, aikin ya fito a 2012. Ta ɗauko wani tunani daga Fatima Mernissi ta Maroko, cewa shamakin da ake sa wa yarinya bai tsaya a mayafin ka ba. Akwai na jiki, wato abin da za ta sa. Akwai na wuri, inda aka yarda ta je da inda ba a yarda ba. Akwai kuma na hali, abin da aka ce mata haramun ne ko abin kunya ne, ko da kuwa babu wanda ya taɓa nuna mata inda aka haramta. Abin lura, ba duk yaran ne ma ke rufe kai ba, amma shamaki na biyu da na uku yana kan kowaccensu. Yarinya na son iyo, tana son ƙwallo, sai a ce a'a, in ta tambayi dalili a ce saboda ke Musulma ce, shi kenan an rufe bakinta da addini, ɗan'uwanta namiji kuwa yana fili har magariba babu mai tambayarsa. In aka bi diddigi sau da yawa abin da iyayen ke tsoro shi ne bakin mutane, me 'yan masallaci za su ce, wa zai aure ta.

Jasmin Zine a Kanada, ita ma Musulma ce, ta yi nata a makarantun Islamiyya na yankin Toronto, ta nuna yaran tsakanin wuta biyu suke. A waje, a bas da kan titi, ana zaginsu ana kiransu 'yan ta'adda, a makarantun gwamnati malamai na ɗaukar mai hijabi ba ta jin Turanci ko ba za ta yi nisa a karatu ba, har a tura ta ajin masu rauni. In ta shigo makarantar Musulmi sai ta samu sauƙi ta wannan ɓangaren, tana jin tana cikin 'yan uwanta, amma sai ta tarar da wani sa idon, ita ake auna wa tsawon riga, ita ake lura da dariyarta da tafiyarta da wa ta yi wa magana, mutuncin al'umma gaba ɗaya an ɗora shi a kanta, samarin kuwa ana musu sassauci. Wallahi duk wadda ta yi makarantar kwana ta mata ko Islamiyya a ƙasar Hausa ta san wannan ba ƙarya ba ce, ba sai an je Toronto ba.

Ina da ja da su fa. Yara 4 ba su isa a gina hukunci a kan miliyoyi ba, kuma Hamzeh ta shiga aikin da nata ra'ayin a kan hijabi wanda ban yarda da shi ba, a ganina ta karkata ga cewa mafita ita ce yarinya ta yi ta tuhumar shamakin har ta yaye shi, ni kuwa ina ganin na farkon umarnin Allah ne, na biyu da na ukun ne mutane suka cusa son ransu da al'adarsu a ciki. Sannan akwai wata cuta da ta zama ruwan dare a wannan fagen, yarinya za ta ce ina sa hijabi ne saboda Allah Ya ce, sai mai bincike ta rubuta cewa tana nuna asalinta ne, ko tana bijire wa wariyar launin fata ne, ko dabara ce ta samun izinin fita daga wurin iyaye. Duk waɗannan suna iya zama gaskiya ga wasu, amma me ya hana a rubuta abin da ta faɗa yadda ta faɗe shi? In dai an zo saurare ne to har imanin nata a saurara. Wannan gyaran shi Saba Mahmood ta yi musu, kuma har yau ba kowa ne ya ɗauka ba. Wani abin kuma, kusan duk wannan aikin a kan 'ya'yan baƙin haure ne a ƙasashen da Musulmi tsiraru ne, da Turanci aka yi shi, a mujallun da sai an biya dala ake buɗe su, yarinyar da aka yi hira da ita ma da wuya ta taɓa ganin abin da aka rubuta a kanta.

Duk da haka ja da mutum daban, toshe kunne daban.

Ku dubi Faransa, inda gwamnati ta ɗauki gefen masu cewa a cire. Rigimar ta fara ne a 1989 a garin Creil da aka kori 'yan mata 3 saboda ɗankwali, a 1994 ministan ilimi ya fitar da takardar umarni ga makarantu, ranar 15 ga Maris 2004 aka sa hannu a dokar da ta hana alamomin addini masu fitowa fili a makarantun gwamnati, a 2023 kuma aka haɗa da abaya. Kwamitin da ya share fagen dokar 2004 ya saurari mutane da yawa, amma masu sa hijabin da ya saurara 'yan kaɗan ne ƙwarai, a kan maganar da ta shafi kansu. Daga baya Aala Abdelgadir da Vasiliki Fouka na jami'ar Stanford suka bi alƙaluma, a 2020 suka buga cewa dokar ta ja 'yan mata Musulmi baya wajen kammala sakandare, sun ƙara daɗewa kafin su gama, kuma babban dalili shi ne tsangwamar da ta ƙaru a kansu a makaranta. Adalci ya sa na faɗi ɗaya ɓangaren, wasu masana tattalin arziki, Éric Maurin da Nicolás Navarrete, sun duba umarnin 1994 suka ce su ci gaba suka gani a karatun 'yan matan da suka fito daga gidajen Musulmi, bayaninsu shi ne akwai yaran da ba sa son sawa amma gida na matsa musu, hanin makaranta ya sauke musu wannan rigimar. Ni ban yarda a hana yarinya ibadarta don a sauƙaƙa wa wata ba, zalunci ne, kuma ina tare da yaran da aka tsayar a bakin get ana auna faɗin rigarsu. Amma sakamakon nan na biyu yana gaya mana cewa waccan yarinyar ma akwai ta, wadda take sawa don tsoron baba ba don tsoron Allah ba, kuma in mun yi kamar babu ita to mun bar wa gwamnatin Faransa ita ta yi magana da yawunta.

Sanda kuwa ko ta wane hannu ta zo a jikin yarinya take sauka. Reza Shah ya hana lulluɓi a Iran a 1936, 'yan sanda na fizge mayafi a titi, mata da yawa suka daina fita gaba ɗaya. Bayan juyin juya halin 1979 aka mayar da shi dole, har aka kai ga mutuwar Mahsa Amini a hannun 'yan sandan ɗa'a a Satumban 2022. A Turkiyya shekaru aka yi ana hana masu ɗankwali shiga jami'a, Leyla Şahin ɗalibar likitanci ta kai ƙara har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta sha kaye a 2005, a Vienna ta ƙarasa karatunta. A jihar Karnataka ta Indiya a 2022 an rufe wa 'yan mata get saboda hijabi, wasu jarabawa ta wuce su. A Afghanistan kuwa Taliban sun hana 'yan mata sakandare tun 2021, jami'a tun Disamban 2022, duk da cewa a lulluɓe suke ruf. Wannan na ƙarshen ya kamata ya fi ƙona mana rai tunda da sunan addininmu ake yi, amma sai ka ga masu zafin kare hijabi a Faransa sun yi gum.

A fagen wasanni an ga yadda abin ke warwarewa in an so. A 2007 alƙalin wasa ya fitar da Asmahan Mansour 'yar shekara 11 daga filin ƙwallon ƙafa a Kanada saboda hijabi, aka ce wai haɗari ne, a 2011 aka hana 'yan ƙwallon matan Iran buga wasan neman gurbin Olamfik. Da aka zauna aka ɗinka hijabin da ke ɓallewa da kansa in an ja shi, a 2014 aka ɗage hanin, hukumar ƙwallon kwando ta bi sahu a 2017, a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya da hijabinta. Matsalar da aka shekara bakwai ana cewa ba ta da magani, tela ne ya magance ta. Ninkaya ce dai har yanzu ke da wuya, a 2017 kotun Turai ta goyi bayan hukumomin Basel na Switzerland da suka ci tarar wasu iyaye 'yan asalin Turkiyya saboda sun hana 'ya'yansu mata biyu darasin iyo da maza, duk da makarantar ta yarda su sa kayan iyo mai rufe jiki.

Mu nan gida fa? A kudu faɗan neman haƙƙin sawa ake yi, kuma alhamdulillahi an samu nasara, ranar 17 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai 5 a kan 2, cewa ɗalibai Musulmi na da damar sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas, bayan shekaru ana shari'a. Mun ga abin da ya faru da Firdaus Amasa a 2017 da aka hana ta shiga bikin rantsar da lauyoyi saboda hijabinta, mun ga makarantu 10 da aka rufe a Ilorin a 2021 saboda rikicin hijabi. Duk wannan mun yi ta rubutu a kai kuma ya dace. Amma a Kano da Sakkwato da Zariya da Maraɗi babu mai hana 'yarka sa hijabi, yana cikin yunifom ma, sai muka ɗauka magana ta ƙare. Ni a ganina a nan ma ta fara.

Hijabin nan da muke gani yau bai daɗe a ƙasar Hausa ba, kakanninmu zane suke lulluɓa da shi, iyayenmu suka yi gyale, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980 ne ya bazu, lokacin da Izala ta kafu a Jos a 1978 kuma makarantun Islamiyya na matan aure suka yawaita. Elisha Renne, wata masaniya da ta daɗe tana bincike a Zariya, ta nuna yadda hijabin ya zama abin da ya ba matan aure damar fita daga kulle su je karatu, Adeline Masquelier ta yi nata a Dogondutsi, Hauwa Mahdi ma ta yi rubutu a kai da ido mai suka. Kenan a tarihinmu hijabi ƙofa ya buɗe wa mata. Abin tambaya shi ne yaya aka yi yarinyar da take tsalle da igiya da gaɗa da 'yar gala-gala tana aji uku a firamare, da ta fara ƙirgen dangi sai ta koma tafiya a dunƙule, kafaɗa a gaba, hannu a ƙirji, in ta yi gudu a ce ke ba kya jin kunya, mace da rawar kai, in ta yi dariya da ƙarfi a ce ballagaza. Wa ya taɓa tambayarta yadda take ji a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, aji ɗaya yara sun kusa ɗari, babu fanka, ita kuma tana cikin hijabin yadin roba mai kauri da makaranta ta zaɓa saboda arha, a kan riga da wando da ɗankwali? Wa ya tambaye ta ranar da take jinin al'ada a makarantar da banɗakinta babu ƙyaure babu ruwa, yadda take zama a benci tun safe ba ta motsi don tsoron tashi a ga tabo, ko ma ta ƙi zuwa gaba ɗaya? A makarantu da yawa na jeka-ka-dawo lokacin fi'i samari ne ke fili, mata na gindin bishiya, malami bai damu ba, wasan intahaus na shekara-shekara ma 'yan kaɗan ne ke shiga. Ga garuruwanmu na bakin kogi da madatsun ruwa inda kwale-kwale ke kifewa kusan duk shekara, mata da yara ne suka fi mutuwa, lodi fiye da ƙima da rashin rigar ruwa su ne manyan dalilai, amma 'ya mace nawa aka taɓa koya wa iyo? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to mai jikin ba mu tambaye ta ba.

Kuma don Allah kada a ce min addini ne. Hadisin na nan a Abu Dawuda da Musnadin Imam Ahmad, Nana A'isha (RA) ta yi tsere da Manzon Allah (SAW) a wata tafiya ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, yana dariya yana cewa wannan ramuwar waccan ce. A ruwayar Ahmad sai da ya ce wa sahabbai su yi gaba tukuna. Ku lura da kyau, bai ce mata mace ba ta gudu ba, wuri ya sama mata inda za ta yi gudun babu idon maza. Abin da masanan Birmingham suka shafe lokaci suna roƙon shugabannin makarantu su yi kenan, mu kuma da muke da hadisin a hannu, muke da makarantun mata zalla masu katanga, ba mu yi ba.

Abin da nake so na gani shi ne 'yan matanmu da ke sashen ilimi da na motsa jiki da na nazarin zamantakewa a Bayero da ABU da Danfodiyo da Abdou Moumouni ta Yamai su ɗauki wannan a matsayin aikin digiri na gaske, ba irin takardar tambayoyin nan da ake raba wa aji a ce a zaɓi eh ko a'a a tattara cikin minti goma ba. A nemi izinin iyaye, a zauna da yara da Hausa, watanni, babu firinsifal a ɗakin, babu malamin Islamiyya, babu yaya, a ɓoye sunayensu, a tambaye su zafi, a tambaye su al'ada, a tambaye su wasan da suka daina da ranar da suka daina da wanda ya hana su, a tambayi wadda ke son hijabinta har zuciya da wadda ke tusa shi a jaka da ta sha kwana. Abin da suka faɗa a rubuta shi yadda yake ko da bai yi mana daɗi ba, a kuma buga shi da Hausa yadda uwa za ta iya karantawa, malamanmu mata na Islamiyya da ƙungiyoyin mata Musulmi irin su FOMWAN su shigo ciki tun daga farko don kada a ce daga waje aka turo.

Kafin nan akwai abin da bai buƙatar jiran kowa. Kwamitin iyaye da malamai na iya canza yadin hijabin yunifom zuwa na auduga mara nauyi, a ɗinka wani gajere mai kama kai na ranar wasa da dogon wando mai faɗi da riga har gwiwa, a sa wa banɗakin mata ƙyaure da sakata da randar ruwa, a cire gudu daga jadawali in azumi ya kama. Makarantar da ke haɗe da maza ta ware wa mata fili rana ɗaya ko biyu a mako, malama mace ta tsaya a kansu, a rufe get, samari su zauna a aji.